Daga Kaskon Gwaggo Zuwa Kwalbar Dubai

A bikin 'yar yayata da aka yi a Bebeji bayan ƙaramar salla, ina zaune kusa da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, lokacin da dangin ango suka shigo kamu. Aka ɗan yaye mayafin amarya, wata ta ɗaga kwalba mai ruwan hoda ta fesa mata, sannan ta bi ƙawaye ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka ce kwabo tsakar gidan ta gume da wani ƙamshi mai zaƙi, kamar an yanka abarba da lemo an kwarara musu madara. Gwaggo ta ja numfashi, ta yi shiru, can ta dafa gwiwata ta ce, "Ke 'yar nan, da daɗi kam. Amma mu a zamaninmu amarya ba ta ƙamshin abin da ake ci."

Tun ranar maganar nan take yi mini kai-kawo a zuciya. Gwaggo ta haura tamanin. Ta taso a ɗakin da ke ƙamshin saiwa da hayaƙi, aka kai ta ɗakin miji da ƙamshin fure a 'yar kwalba, yau ga ta tana rakiyar jikoki da ƙamshin 'ya'yan itatuwa. Sauyin nan ba daga sama ya faɗo ba. Yana da hanyar da ya biyo, kuma mu mutanen kudancin Kano a bakin hanyar muke zaune.

Bebeji ba garin jiya ba ne. Tsohon zango ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zazzau, wanda Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya ratsa a 1826 ya same shi cike da jama'a da ciniki. Nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Duk garin da ayari ke sauka, matansa ba sa rasa ɗan abin da fatake suka ƙullo a gefen kaya, turare kuwa irin hajar da falke ke so ce: ba nauyi, ba ta lalacewa da wuri, ga riba. Da wani matafiyin, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, cikin kayan da ya lissafa ana shigowa da su ta hamada daga Tarabulus akwai man wardi da kanumfari da lubban. Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Muhammadu Rumfa, ita ce matattara, daga can 'yan koli su watsu da kayan zuwa garuruwa irin namu.

Sai dai man wardi ba na kowa ba ne. Kafin a samu kilo ɗaya, sai an tsinko furen da nauyinsa ya kai tan uku zuwa huɗu, da hannu, da sassafe kafin rana ta ɗaga, a dafa a tukunyar tagulla a tare tururinsa. Sannan a ɗora wa raƙumi ya yi watanni a cikin rairayi. Abin da ya sha wannan wahala gidan sarauta yake shiga, sai gidan attajiri. A wancan zamani ƙamshin fure abin fada ne.

Matar talaka kuwa ƙasa take tona. A fadama akwai kajiji da saiwar jema, a kan duwatsu akwai hano mai zubar da ƙaro, a kasuwa ta sayi kanumfari na 'yan kuɗi kaɗan. In da hali ta ƙara da jibda, wani maiƙo da ake yasowa daga jikin tunkun jibda, wanda ɗanyensa ba ya shaƙuwa, amma in an tsarma ɗan mitsitsi a cikin haɗi sai ya kama sauran ƙamshin ya riƙe shi kwana da kwanaki.

Na riski ƙarshen wannan zamani a ɗakin kakata. Tana da wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado, cike da ƙulle-ƙullen tsumma. In za ta yi haɗi sai ta wanke kajiji ta shanya a inuwa, ba ta yarda rana ta taɓa shi, ta daka shi sama-sama da kanumfari, ta marmasa ƙaron hano a ciki. Da yamma in an sauke tuwo ta ɗebi garwashi a kasko, ta jira harshen wutar ya mutu, ta ɗan lulluɓe shi da toka, sannan ta barbaɗa. Ta kifa kwando a kai ta shimfiɗa zannuwanta. Takan ce wuta mai zafi ƙona turare take yi, mai sanyi ce ke fito da shi. Zanen da aka turara haka, ko an wanke shi sau biyu, in ka kai hanci za ka ji ta. Bayan rasuwarta mun fi shekara muna buɗe adakarta don kawai mu shaƙi ƙamshinta. Kaskon yana wajen Gwaggo har yau.

Akwai hikima a zaɓin nan nasu. Ƙasarmu ƙasar zafi ce, zafi kuwa shi ne abokin gabar ƙamshi mara nauyi. Itace da ƙaro da saiwa suna sakin ƙamshinsu a hankali, hayaƙi kuma yana ratsa zaren auduga ya zauna. Tsofaffinmu ba su karanta ilimin sinadarai ba, amma sun gwada sun ga abin da ke jure bazara.

Babban sauyi na farko daga gabas ya zo. A farkon 1903 sojojin Turawa suka fasa Bebeji da igwa a kan hanyarsu ta zuwa Kano, wadda ta faɗa hannunsu ranar 3 ga Fabrairu. Bayan yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar, jama'a da dama suka yi hijira gabas, daga baya suka kafa garin Mai Wurno a ƙasar Sudan. Hanyar aikin Hajji da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, dama tsohuwa ce, mutum kan yi shekaru kafin ya dawo, yana tsayawa noma ko ƙwadago a hanya. Matan da suka yi irin wannan tafiya sun zauna da matan Sudan, sun ga dilka, sun ga yadda ake turara jiki, sun ga humra. Amma in za a faɗi gaskiya, matan Barno ne, Shuwa da Barebari, suka riƙe wannan ilimi suka zama malamansa, mu a wajensu muka ɗauka.

Humra aikin haƙuri ce. Sunanta ma daga kalmar Larabci ta tsimuwa ya fito. Ginshiƙinta farce, wato murfin wani dodon koɗi na teku da ake samowa daga yankin Bahar Maliya. Ɗanyensa ƙarni yake, sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ke jiki, an wanke, an soya har ya yi ƙamas, sannan a daka. A haɗa da garin sandal da kanumfari da miski, a zuba turaruka na ruwa a kai, a toshe kwalba a ajiye ta makonni, wani lokaci watanni. Wasu masu haɗin kan soka kanumfari a jikin lemo ko tuffa su shanya su daka a ciki. Ashe ɗan itace ya daɗe da leƙowa cikin turarenmu, sai dai a ɓoye yake, can ƙarƙashin hayaƙi. Matan Sudan kuma tun da wuri suka fara tsiyaya turaren Faransa a humrarsu, irin su Rêve d'Or na kamfanin L.T. Piver. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata a lura da ita, domin za ta yi ta maimaituwa: duk baƙon turaren da ya zo, mace ba ta karɓarsa yadda ya zo, sai ta sa shi ƙarƙashin hannunta.

Daga Sudan ɗin nan ne kuma turaren da ya kawo ƙamshin fure ɗakin talaka ya samo asali. Kamar yadda ake ba da labarin, a 1919 wani wakilin kamfanin W.J. Bush na Landan, mai suna Eric Burgess, yana Khartoum sai wasu shugabannin jama'a suka zo masa da 'yan kwalabe na mayuka da itatuwan ƙamshi, suka ce a haɗa musu turare guda daga cikinsu. Ya kai Landan, masu haɗin kamfanin suka yi watanni a kai, a 1920 aka fito da Bint El Sudan, wato 'Yar Sudan, da hoton wata budurwa a jikin takardar kwalbar. Mu muka mayar da shi Bintu Sudan, ko Bintu kawai.

Wanda ya buɗe kwalbar Bintu zai fara jin furanni, yasmin a gaba, sannan miski da ambar da itace su biyo baya. Cikin furannin akwai wani fari na ƙasashen sanyi mai siffar 'yan ƙararrawa, wanda duk dafawar da za a yi masa ba ya ba da mai ko ɗigo. To ta yaya ya shiga kwalba? A ɗakin gwaji aka gina shi. Shekaru hamsin kafin lokacin, masana sinadarai na Turai sun fara gano cewa ƙamshi ba wani sirri ba ne da ya gagari hannu. A 1868 William Perkin ya haɗa kumarin mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, a 1874 aka haɗa banilin a Jamus, a 1888 Albert Baur yana bincike kan abubuwan fashewa ya ci karo da miski na haɗi. Miski na asali daga jikin wata barewa ta duwatsun Asiya ake ciro shi, launinsa duhu ne, kuma tsadarsa ta wuce misali. Farin miskin da muke saye a kasuwa jikan binciken Baur ne da waɗanda suka biyo bayansa. Wannan ilimi shi ya karya farashin ƙamshin fure, har abin da a da sai fada ya sauko faifan ɗan koli.

Bintu ya karɓu saboda ya san mutanen da ya zo wa. Mai ne zalla, babu barasa a ciki, don haka malami ya shafa ya shiga masallaci hankali kwance. Kwalbarsa 'yar ƙarama ce, mili 12, tana shiga aljihu, tana ƙulluwa a bakin zane, kuɗinta bai fi ƙarfin manomi ba in ya sayar da gyaɗa. Da yake mai ne, ba ya tashi da wuri a zafi. Ga kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, layinsa ya ratsa ta Ɗangora da Madobi, kayan da a da ke cin watanni a bayan raƙumi suka koma zuwa daga Ikko cikin kwanaki. A faifan ɗan koli Bintu ya zauna tare da Ɗan Goma da Ɗan Duwala, kusa da kwalli da madubi da tsakiya. Ya shiga lefe, ya shiga suna, 'yan bori suka riƙe shi, aka yayyafa shi a likkafani. Da wuya a samu wata haja ta kanti da ta bi Bahaushe daga zanen goyo har kabari kamar 'yar kwalbar nan.

Kamfanin W.J. Bush ya yi ta sauya hannu. A 1966 ya narke cikin Bush Boake Allen, a 2000 kamfanin IFF na Amurka ya saye shi. Amma an daɗe ana ɗura Bintu a nan Kano, inda kamfanin Gongoni ke yin aikin, daga nan ake lodinsa zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da gaba. Gwaggo ta ce a lefenta kwalba uku aka sako. Ɗaya ta shafa, biyu ta juye a kan itacen turaren wuta da ta soya da sukari. Ko a lokacin, kasko ne mai magana ta ƙarshe.

Abin mamaki, a shekarar 1919 ɗin da Burgess ke zaune da mutanen Sudan, a birnin Faris Jacques Guerlain ya fito da wani turare mai suna Mitsouko, wanda ake lissafawa cikin na farko da suka sa ƙamshin ɗan itace a tsakiyar turaren mata. Matsalar ɗan itace ita ce kusan duk jikinsa ruwa ne. Abin da ke ba shi ƙamshi kaɗan ne ƙwarai, zafi kuma yana kashe shi. Ka dafa mangwaro ka tare tururinsa, ba za ka samu man mangwaro ba. Lemo ne kaɗai ya fita zakka, domin shi mansa a ɓawo yake, shi ya sa in yaro ya matsa ɓawon lemo kusa da idon ɗan'uwansa yake yi masa yaji. Sauran duk sai an gina su. Guerlain ya yi amfani da wani sinadari da aka gano a farkon ƙarni na 20, mai suna andekalakton, wanda ke ba da ƙamshin wani ɗan itace mai laushi na ƙasashen sanyi da Larabawa ke kira khaukh. Akwai ɗan'uwansa mai ƙamshin kwakwa, akwai wasu dangin masu ba da ayaba da abarba da tuffa. Waɗannan na ƙarshe su ne dai ake sa wa alawa da cingam.

Turawa ma ba su rungumi abin nan take ba. Shekaru da yawa ɗan itace ɗan rakiya ne a bayan fure. Sai a ƙarshen ƙarnin ya fito fili: Poison na Dior a 1985, Trésor na Lancôme a 1990 wanda Sophia Grojsman ta haɗa da wardi da ɗan itace kafaɗa da kafaɗa, Angel na Thierry Mugler a 1992 da ya zo da ƙamshin narkakken sukari ƙarara, sai J'adore a 1999. Daga nan fure da ɗan itace ya zama babban layin turaren 'yan mata a duniya.

Mu ba ta kwalaben Faris ya iso mana ba. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu darajar naira ta zube, turaren Faransa na asali ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje. Ta ƙofar baya ƙamshin ya shigo: sabulun wanka, man shafawa, man kitso, alawar yara, lemon kwalba. Yarinyar da ta taso tana wanka da sabulu mai ƙamshin tuffa, hancinta ya riga ya saba kafin ta mallaki turaren kanta. Sai kuma tsarabar Makka. Tunda Hajji ya koma ta jirgin sama, kowace Hajiya kan dawo da dozin-dozin na 'yan kwalaben murzawa irin na Al-Rehab tana rabo. Da 'yan kasuwarmu maza da mata suka buɗe hanyar Dubai, kamfanoni irin su Ajmal da Rasasi da Swiss Arabian suka cika kantunan Kano. Su suka gano dabarar auren biyu: zaƙin 'ya'yan itatuwa irin na Turawa a sama, miski da sandal da ambar irin na Larabawa a ƙasa, a farashin da ɗaliba za ta iya. Kwalbar nan mai ruwan hoda da aka fesa wa 'yar yayata ita ce Yara ta kamfanin Lattafa, wadda ta fito a 2020, TikTok ya kai ta kowane lungu. A 2022 kamfanin ya fito da wani mai ƙamshin dabino da kirfa, ya sa masa suna Khamrah, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da humrarmu.

Kwanakin baya na tsaya a wani ɗan shago a Kwanar Ɗangora ina jiran mota. Saurayi ne a ciki, bayansa kanta cike da gorunan alminiyam, kowanne da suna a rubuce da biro. Wata yarinya da ba ta wuce sha bakwai ba ta shigo da hijabinta har ƙasa, ta ce, "Yaya, a ba ni mai sanyi, wanda ba ya hawa kai." Ya buɗe uku, yana ɗiga mata a bayan hannu. Na farko ta ce ya yi ƙarfi, na manya ne. Na biyu ta ce kamar maganin tari. Na uku ta rufe ido ta yi murmushi. Ya sa sirinji ya zuƙo mili uku, ya ɗura a 'yar kwalba, ya danna mata kan murzawa. Na karɓa na shinshina: kankana da wani abu kamar gwaiba, can ƙasa farin miski. Na tambaye shi daga ina man yake zuwa, ya ce daga Kano yake sarowa, su kuma daga Dubai. Gaskiyarsa ke nan iyakar inda ya sani. Gaba da Dubai akwai manyan kamfanonin da ke haɗa irin waɗannan sinadarai, Givaudan da DSM-Firmenich a Suwizalan, Symrise a Jamus, da IFF ɗin nan mai Bintu, sai masana'antun Indiya da Sin da ke yin na araha.

Irin wannan turare hawa-hawa ake gina shi. Abin da hanci ke fara ji, lemo da abarba da kankana, shi ne mafi rashin nauyi, kuma shi ke sayar da kwalbar, domin a minti na farko mai saye ke yanke shawara. Cikin rubu'in awa ya tafi. Sai furanni su fito, wardi da yasmin, su yi 'yan awanni. Abin da ke kwana a mayafi shi ne na ƙasa: miski, banila, itace. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki arba'in a nan, hawan farko ba ya ko kai hakan. Da hunturu kuma fata ta bushe, ba maiƙon da zai riƙe shi. Shi ya sa za ka ji mace na cewa an cuce ta, turaren ba ya kama jiki, alhali sau da yawa ba jabu ba ne, yanayin da aka gina shi dominsa ne ba namu ba.

Ni ba na cikin masu raina shi. Yana da fara'a, yana da sauƙin kai, ya dace da ƙuruciya, kuma ya ba yarinyar ƙauye abin da a zamanin Barth sai matar sarki. Abin da ke damuna daban ne. A da kowace mace da ƙamshinta. Yaro kan gane zanen uwarsa a cikin wanki da hanci, miji kan san wadda ta wuce ta soro ba tare da ya ɗaga kai ba, domin hannun kowa daban yake a haɗi. A bikin nan na Bebeji kuwa, 'yan mata sun fi ashirin, ƙamshinsu ɗaya, kuma shi ne dai ƙamshin 'yan matan Jakarta da Alƙahira da Landan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da malamai suka daɗe suna tunatarwa, cewa ƙamshin mace na cikin gidanta ne, ba na kan titi ba. Humra da turaren wuta sun dace da wannan tarbiyya, domin a jiki suke lafewa, sai wanda ya matso yake ji. Turaren fesawa kuwa an yi shi ne don ya tashi, barasar da ke ciki ita ke ɗaukarsa ta watsa. Malamai sun saɓa a kan hukuncin barasar turare, wasu sun sauƙaƙa wasu sun tsananta, wannan ma na cikin dalilan da suka sa turaren mai bai taɓa barin kasuwarmu ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne matanmu ba su sauya hali ba. Yadda Gwaggo ta juye Bintu a kan itace, haka jikokinta ke yi wa na Dubai. Amarya a yau takan fara da dilka, ta shafa humra, a turara kayanta a kan kabbasa, sai a ƙarshe ta ɗan fesa mai zaƙin a sama. Ba tare da an koya mata a aji ba, ta gina wa turaren gindin da zai tsaya a kai. Rikicin da ya taso a Barno daga 2009 ya kawo iyalai da yawa Kano, cikin jarrabawar kuma matansu suka zo da iliminsu, suka koyar. Yanzu a Kiru da Tudun Wada da Doguwa za ka samu matan aure na haɗa farar humra da baƙa a ɗakunansu, suna tsiyaya mayukan 'ya'yan itatuwa a ciki, suna tallatawa a WhatsApp, suna biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta da ribar.

Sai dai a kula. Man da ake aunawa da sirinji ba shi da takardar da ke faɗin abin da ke ciki. A 2022 Tarayyar Turai ta hana sa sinadarin liliyal, mai ƙamshin farin furen nan mai siffar 'yan ƙararrawa, a kayan kwalliya saboda illar da ake tsoron yana yi wa haihuwa. Abin da aka hana a can ba ya rasa kasuwar da zai nufa. Man da aka yi don sabulu ko kyandir ba na fata ba ne, kuma wanda bai san bambancin ba zai iya sayar da shi da zuciya ɗaya. Mai sana'ar humra ta tambayi dilanta asalin kayansa, in sana'ar ta kafu ta nemi rajistar NAFDAC. Duk abin da ya sa ƙaiƙayi ko ya ɓata fata a bar shi, komai daɗinsa.

Babban abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Shekara ɗari ke nan muna ɗura ƙamshin furannin wasu da 'ya'yan itatuwan wasu, namu na zube. Wa ya taɓa shiga ɗakin da aka ajiye gawasa bai tsaya ba? Wa ya bi ta gindin lalle da daddare lokacin da ya yi fure bai waiwaya ba? Mutanen Kannauj a Indiya suna dafa furen lallen nan su fitar da turare su sayar wa duniya, mu ganyen kaɗai muka sani. Ga furen mangwaro da sanyin hunturu, ga furen darbejiya, ga gwandar daji da ɗinya a gefen dajin Falgore, ga hano a duwatsun ƙasar nan. Uzurin cewa ɗan itace ba ya ba da mai ya daɗe da faɗuwa. Tun shekarun 1980 masana irin su Braja Mookherjee na IFF da Roman Kaiser na Givaudan suka ƙware a dabarar kifa ƙoƙon gilashi a kan fure ko ɗan itace yana kan bishiyarsa, a zuƙe iskar da ke kewaye da shi, na'ura ta karanta abin da ke ciki, sannan a sake gina shi. A Bagauda, a ƙofar gidanmu, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin sinadarai, haka jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Ga ruwan Tiga da aka datse tun 1974. Ina roƙon malaman waɗannan wurare su sa ɗalibansu aikin gawasa da furen lalle, su kuma zauna da matan da ke haɗa humra, domin hancin da zai ce an dace ko ba a dace ba yana wajensu.

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku mai kwalla a ƙarƙashin gado, ki ɗauki littafi da biro ki je ki zauna gabanta cikin makon nan. Ki tambaye ta sunan kowane ƙulli, da inda ake samo shi, da awonsa, da kwana nawa ake barin kwalba a toshe. Ni na yi haka da Gwaggo bayan bikin, mun cika shafi tara. Saiwa biyu daga cikin waɗanda ta ambata sai da na shiga har tsakiyar Kurmi, wajen wani dattijo guda, kafin na same su.